SAKIN TALALA

Kowane manomi ya san talala. Idan damina ta faɗi, shuka ta fito, ba a barin akuya ko jaki su yi yawo yadda suka ga dama. Sai a ɗaura musu doguwar igiya, a kafa turke a wurin ciyawa. Dabbar tana kiwo, tana kewayawa, har ta ga kamar ba mai riƙe da ita. Amma in ta kai ƙarshen igiya sai ta tsaya. Da maraice kuma mai ita ya zo ya ja ta gida.

Daga nan aka samo sunan abin da alƙali yakan yi wa wanda aka kama, sa'ad da ya bar shi ya koma gida kafin ranar shari'a. Mu a Nijar muna cewa sakin talala, a Nijeriya kuwa suna cewa beli. Ya mai karatu, akwai magana a cikin wannan domin gidanka, akwai kuma domin ranka.

KAYAN DA AKA KAMA A YAMAI

A watan Maris na shekarar 2021, 'yan sanda masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka shiga wani ɗakin ajiya a Yamai, suka tarar da tan 17 na ƙullin tabar wiwi. Nauyinsa ya kai na buhun hatsi 170 mai kilo ɗari-ɗari. Kuɗinsa ya kai sefa miliyan dubu 20. Daga ƙasar Labanan kayan ya taso, ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Lome a Togo, aka kawo shi Yamai da mota, ana nufin kai shi Libiya. Aka kama mutum 13.

Irin wannan kaya ba ya tafiya da ƙafarsa. Sai da direba, da yaron mota, da ɗan dako, da mai gadi. Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa arewa ta bi ta Doso, Birnin Ƙonni, Tawa da Agadas. Samarinmu da ke fita cin rani su ne ake nema domin irin wannan aiki. Akan ce wa yaro, "Ɗauki wannan ƙunshi ka kai wuri kaza, kada ka buɗe, ladanka ya fi na wata uku." Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sau da yawa mai kayan yana nesa yana barci a gidansa, yaron da ya ɗauka shi ke kwana a kaso.

Wiwi ba ƙaramin abu ba ne. Yana raunana tunanin saurayi, yana kashe masa zuciyar aiki, waɗansu ma yakan kai su ga taɓin hankali. Annabi Habakuk ya yi kaito ga wanda ke shayar da maƙwabcinsa abin da zai bugar da shi (Habakuk 2:15). To, ina ga wanda ya loda mota guda?

SAKIN TALALA BA WANKEWA BA NE

Idan an kama mutum, dangi sukan ruga neman a sako shi. Ya kamata mu gane yadda abin yake. Wanda ake tuhuma bai zama mai laifi ba sai an yi shari'a. Saboda haka doka ta ba alƙali iko ya sake shi ya jira a gida. Kafin ya yarda, yakan duba ko mutumin zai gudu, ko zai razana shaidu, ko zai koma ga sana'ar. In kayan yana da yawa, alƙali yakan ƙi, gama masu irin wannan fatauci suna da kuɗi da abokai a ƙetaren iyaka. In ya yarda, yakan sa sharaɗi: mutumin ya zo duk ranar da aka kira shi, wani lokaci kuma a ajiye kuɗi a kotu. A Nijeriya akan nemi wani ya sa hannu ya tsaya masa. Idan wanda aka saka ya gudu, kuɗin ya tafi, mai lamuni kuma shi za a nema.

Shari'ar tana nan. Igiya ce aka tsawaita.

IN AN ZO NEMAN LAMUNINKA

Littafi Mai Tsarki bai hana tsaya wa mutum ba. A Tasalonika, da aka ta da tarzoma saboda wa'azin Bulus da Sila, mahukuntan gari sai da suka karɓi lamuni daga Yason da sauran 'yan'uwa kafin su sake su (Ayyukan Manzanni 17:5-9). Amma littafin Karin Magana ya yi kashedi ba sau ɗaya ba. Ya kwatanta wanda ya ɗauki lamuni da garaje da wanda ya faɗa tarko da bakinsa (6:1-5). Ya ce irin wannan mutum har shimfiɗar kwanansa za a iya ɗaukewa (22:26-27).

Saboda haka, maigida, kafin ka jinginar da gona ko ka kai shanun huɗa kasuwa, ka zauna da uwargida da dattawan ikilisiya, ku yi addu'a, ku dubi waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, ka ji gaskiya daga bakin yaron. Je ka gan shi ido da ido. Ka ce, "Ɗana, ka san abin da ke cikin kayan?" Akwai wanda aka ruɗa, akwai wanda ya sani sarai. Dukansu biyu 'ya'yanka ne, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. In ya yi laifi, ka taimake shi ya faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, kada ka ba da toshiyar baki. Za a sami masu zuwa da dare su ce sun san wani babba, a kawo kaza a kashe magana. Allah ya hana wannan tun zamanin Musa, domin cin hanci yana makantar da masu gani (Fitowa 23:8). Kuɗin lamuni na gaskiya a kotu ake biyansa, a kuma ba ka takardar shaida. In da hali ka nemi lauya.

Na uku, kada ka karɓi kuɗin masu kayan. Sukan aiko da taimako domin yaron ya rufe bakinsa. Wanda ya ci kuɗinsu ya zama bawansu, gobe kuma za su dawo da wani ƙunshi.

Na huɗu, ka tuna da sauran iyalinka. Gonar nan ita ce tuwon ƙannensa. Wanda bai kula da mutanen gidansa ba, Bulus ya yi masa magana mai zafi (1 Timoti 5:8). In ka ga alamar yaron zai tsere, ƙin tsaya masa ba rashin ƙauna ba ne. Kana iya kai masa abinci da tufa, ka ziyarce shi, ka karanta masa Maganar Allah. Ubangiji Yesu ya lasafta ziyarar ɗan kurkuku kamar shi aka ziyarta (Matiyu 25:36-40).

In kuwa ka tsaya masa, to, ranar shari'a ka kama hannunsa ku tafi tare. Mai bi ba ya ɓoye wanda hukuma ke nema, ba ya ƙetarar da shi iyaka da dare. Allah ne ya kafa hukuma domin ta tsawata wa mugunta (Romawa 13:1-4).

YAHUZA DA ƘANENSA

A lokacin yunwa, Yakubu ya ƙi barin autansa Biliyaminu ya tafi Masar sayen hatsi. Yahuza ya ce shi ne lamunin yaron, in bai komo da shi ba laifin yana wuyansa har abada. A kan hanyar dawowa aka tsai da su, aka bincike buhunansu, aka sami ƙoƙon azurfa na Yusufu a buhun Biliyaminu, shi kuwa bai san yadda ya shiga ba. Yahuza bai gudu ba. Ya tsaya gaban Yusufu ya roƙa a riƙe shi bawa a maimakon yaron, a bar yaron ya koma wurin tsohonsa (Farawa 43 da 44). Ka ga lamuni na gaskiya: mutum ya ba da kansa.

Daga zuriyar Yahuzan nan Yesu Almasihu ya fito. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kira shi lamunin alkawari mafi kyau (7:22).

KAI MA A TALALA KAKE

Wataƙila ka ce, "Ni ban taɓa ɗaukar wiwi ba, ban taɓa shiga kotu ba." Madalla. Amma buɗe buhun zuciyarka ka duba. Ba ƙarya a ciki? Ba hassada, ba ƙeta, ba mudu biyu? Biliyaminu bai san abin da ke buhunsa ba, mu kuwa da hannunmu muka zuba. Dukanmu mun yi zunubi (Romawa 3:23). Mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a (Ibraniyawa 9:27). Kwanakin da kake ci kana sha, kana noma kana girbi, talala ce. Allah ya tsawaita igiya domin ka tuba (Romawa 2:4). Maraice yana zuwa. A wannan kotu ba toshiya, ba iyakar da za a ƙetare, gona da shanu kuma ba su isa fansa ba.

Ga albishir. Yesu marar zunubi ya tsaya a wurinmu. Mai lamuni na duniya yakan sa hannu yana fata ba zai biya ba. Yesu ya san zai biya, ya kuwa biya da jininsa a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Wanda ya ba da gaskiya gare shi, ba sauran hukunci a kansa (Romawa 8:1). An kwance igiyar, an tumɓuke turken. Wannan ceto domin dattijon ikilisiya ne, domin yaron da ke kaso ne, har da mai kayan kansa in ya tuba ya rabu da sana'ar.

Kada ka ce sai gobe. In kana so, ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya:

Ya Ubangiji Yesu, ni mai zunubi ne, ba ni da abin biya. Na gode da ka tsaya mini, ka mutu dominna. Ka gafarta mini, ka karɓe ni. Ka tsare 'ya'yanmu daga kwaɗayi da mugayen abokai. Ka tuna da waɗanda ke kurkuku da iyayensu. Amin.

In ka yi wannan addu'a, ka faɗa wa fasto ko mai bishara na garinku. Ka kuma karanta wa iyalinka wannan takarda kafin samari su fita cin rani.