Ruwan Alwala da Furen Roba

Duk sabon gidan da aka gina a unguwarmu, sai ka tarar an malale tsakar gidan da siminti tun daga ƙofa har bangon baya, ko tafin hannu na ƙasa ba a bari ba. A falo kuma a girke furen roba, wanda aikinsa tara ƙura. Ka tambayi mai gida, amsa na bakinsa: bishiya na jawo sauro, saiwa na fasa gini, shara ba ta ƙarewa. Wani ma ya sassauta murya ya ce maka tsamiya gidan iskoki ce.

To me ya hana shi barin falon haka nan, sai da ya sayo koren ƙarya? Zuciya ce ke nema. Wanda ya halicce ta, da zai kwaɗaita mata gidan ƙarshe, lambuna da inuwa da ƙoramu ya ambata. Masu bincike ma sun hango wani abu: a 1984 Roger Ulrich ya nuna cewa a wani asibitin Amurka, waɗanda aka yi wa tiyata tagarsu na kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, ba su kuma sha maganin zafi mai ƙarfi kamar su ba.

Ni dai a ganina maganar ta fi ƙarfin kallo. Goggona, Allah ya jiƙanta, a gindin lemun tsami take ajiye butarta. Sau biyar a yini ruwan alwala na gangarawa saiwa, ba ta taɓa kiran wannan ban ruwa ba. Gefe ga zogale, ga lalle. Da hantsi yarinyar maƙwabta za ta yi sallama da kwano: «Wai in ji Inna, a sam mata zogale.» Goggo ta ce ta tsinka, ban da karya reshe. Tsuntsaye kuwa ko sallamar ba sa yi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Nan nake ganin natsuwar zuciya take: abu mai rai da ya dogara da kai, in ka yi sakaci ya yanƙwane a idonka, in ka kula wasu su ci. Furen roba bai taɓa jin ƙishirwa ba, balle a samu ladan shayar da shi.

Na san ɗan haya mai ɗaki ɗaya, mai sayen ruwa jarka-jarka a wajen 'yan garuwa, zai ce wannan zancen masu fili ne. Ɗan'uwa, huda gindin gwangwanin madara ka zuba ƙasa da taki, ka dasa na'a-na'a, ruwan wankin shinkafa ya ishe ta. Zogale ma reshe kawai ake kafawa da damina, ya kama.