GARIN HALOWIN: GARGAƊI GA IYAYE A KAN ABIN DA 'YA'YANSU KE KALLO

Ya kai mai karatu, da a ce wani baƙo ya tsaya a ƙofar gidanka, ya roƙe ka ka bar shi ya keɓe da 'ya'yanka har sa'a ɗaya da rabi domin ya yi musu tatsuniya, lalle da ka tambaye shi sunansa, da inda ya fito, da irin tatsuniyar da ke bakinsa. Amma ga wani baƙo yana shiga gidaje ba sallama, ta akwatin talabijin da ta wayar hannu, yara suna kewaye shi, iyaye kuwa suna can wajen aikinsu suna murna domin gida ya yi shiru. A cikin wannan 'yar takarda za mu ɗauki tatsuniya ɗaya daga cikin na wannan baƙo, mu auna ta tare da kai, domin ka koyi auna sauran da kanka.

I. Asalin wasan

A ƙasar Amurka ana yin wani biki a daren 31 ga watan Oktoba, ana ce da shi Halowin. Ma'anar sunan ita ce jajiberen Ranar Dukan Tsarkaka, wadda ikilisiyoyi da yawa ke kiyayewa ran 1 ga Nuwamba. Mutanen Ailan da na Sikotilan ne suka ƙetare teku da al'adun wannan dare a ƙarni na 19. Yara su kan yi shigar fatalwa da dodanni, su bi gida gida suna karɓar alewa, a kan kuma huda kabewa a yi mata idanu da baki, a kunna fitila a cikinta.

Domin wannan biki ne tashar yara ta kamfanin Disney ta shirya wani wasan majigi mai suna Halloweentown, watau Garin Halowin, ta fara nuna shi a watan Oktoba na shekarar 1998. Mutane ne masu rai suka yi wasan, ba zanen hannu ba ne. An ɗauke shi a wani ƙaramin gari mai suna St. Helens a jihar Oregon, tsohuwar 'yar wasan nan Debbie Reynolds, wadda ta rasu a 2016, ita ce ta fito a matsayin kaka. Ya sami karɓuwa ƙwarai, har aka yi masa ci gaba sau uku, a 2001 da 2004 da 2006. Waɗanda suka kalle shi suna yara, yau su ne iyaye, suna kuwa nuna wa nasu 'ya'yan.

II. Labarin a taƙaice

Wata yarinya ce mai suna Marnie, 'yar shekara 13, tana zaune da uwarta Gwen, da ƙanenta Dylan, da ƙanwarta Sophie. Ubansu ya rasu. Kowace shekara uwar ta kan hana su fita daren Halowin, ba ta kuwa faɗa musu dalili. A wannan dare kakarsu Aggie ta zo ziyara. Marnie ta laɓe tana sauraron gardamar manya, sai ta ji asirin da aka ɓoye mata: kakarta da uwarta masu sihiri ne, ita ma ta gada, idan kuwa ba a fara koya mata a wannan dare ba, ikon zai ɓace mata har abada. Da kaka ta tashi komawa, sai yaran suka sulale daga gida, suka bi ta a ɓoye cikin wata mota mai tashi sama, har Garin Halowin, inda ƙwarangwal ke tuƙa motar haya, dodanni kuma suna saye da sayarwa kamar mutane.

A can wani mugun mai sihiri yana kama mutanen gari yana sandarar da su a cikin tsohon gidan majigi. Uwar ta biyo sawun 'ya'yanta, mugun ya sandarar da ita tare da kaka. Yaran suka haɗa wani tsimi, suka kunna wani abin tsafi, suka jefa shi cikin babbar kabewar da ke tsakiyar gari. Ashe mugun nan shi ne Kalabar, magajin garin, wanda ya nemi Gwen a dā ta ƙi shi ta auri ɗan Adam. Iyalin suka riƙe hannuwan juna suka hallaka shi, suka koma gida da murna.

III. Abin da ya cancanci yabo, da ƙananan aibobi

Kada mu yi shaidar zur ko a kan wasa. Babu batsa a cikinsa, babu zubar da jini. Akwai wani yaro, Luke, wanda ya sayar da kansa ga mugun domin a ba shi kyakkyawar fuska, daga baya ya tuba, ya taimaki Marnie, ya karɓi muninsa na dā. Wannan darasi ne mai kyau, gama mun sani daga labarin zaɓen Dawuda cewa zuciya ce Allah ke dubawa.

Aikin kansa yana da rauni a wurare. Fuskokin dodannin na roba ne, ba sa motsi kamar na masu rai. Babban mutum zai gane mugun tun da wuri, gama ba a nuna wani da za a zarga ba sai magajin garin. Dalilin muguntarsa kuma bai kai ya ɗauki nauyin labarin ba: an ƙi shi aure, sai ya tashi zai ci duniya da yaƙi. Waɗannan duka ƙanana ne, ba za su cuci ran kowa ba. Aibobin da suka sa muka rubuta maka guda huɗu ne, suna kuwa can ƙarƙashin dariya, inda yaro ba ya ganinsu.

IV. Aibi na fari: tawaye ya sami lada

Dubi yadda aka gina labarin. Uwa ta ce kada a fita. 'Ya ta yi mata tsiwa, ta laɓe, ta gudu da dare, har ƙannenta suka bi ta zuwa wurin haɗari. Me ya same ta? Ta sami tsintsiya mai tashi, ta ceci gari, aka yi mata tafi. A ƙarshe uwar ce ta sauko, ta yarda a koya wa yarinyar sihiri. Da Marnie ta yi biyayya, da garin ya hallaka: haka masu wasan suka tsara shi da gangan. Yaron da ya kalli wannan sau goma, me zai riƙe? Zai riƙe cewa umarnin uwa shinge ne da jarumi ke tsallakewa. A cikin majigi motar dare ta kai yara wurin kakarsu. A duniyar da ni da kai mu ke ciki, yarinya 'yar shekara 13 da ta fita gida da tsakar dare ta hau motar da ba ta sani ba, sau da yawa kuka ne ke biyo baya. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ka tuna annabi Sama'ila, sa'ad da ya tsauta wa sarki Saul a kan rashin biyayya, ya jera tawaye da duba a layi ɗaya (1 Sama'ila 15:23). Abin mamaki ne wasan nan ya haɗa waɗannan biyu su ma, sai dai shi ado ya yi musu.

V. Aibi na biyu: manyan gida sun rabu biyu

Kakar ita ce aka yi wa kwalliya ta fi kowa daɗin zama. Amma me ta yi? Ta san abin da 'yarta ta hana, duk da haka ta zo da kayan Halowin cikin jakarta, ta karanta wa jikokinta littafin Garin Halowin a bakin gado. Da suka gudo wurinta kuwa, da murna ta karɓe su. Gidan da babba ɗaya ke ɗaurewa, wani yana kwancewa, yaro zai koyi zuwa wurin mai kwancewa kullum.

Ita ma uwar ba ta kuɓuta ba, a nan fa maganar ta zo kanmu. Shekara 13 tana hani ba bayani. Sa'ad da ƙaramar 'yarta ta sa biskit ya tashi sama saboda kwaɗayi, uwar ta cafke shi ta cinye domin kada kowa ya gani. Ta gina tarbiyyar gidanta bisa ɓoye gaskiya, ranar da gaskiya ta fito kuwa, maganarta duka ta zube. Manzo Bulus, bayan ya umarci 'ya'ya da biyayya, nan da nan ya juya ya gargaɗi iyaye kada su cusa wa 'ya'yansu fushi (Afisawa 6:1-4). Musa kuma ya koya wa Isra'ilawa su ba ɗa amsa sa'ad da ya tambayi ma'anar dokoki (Kubawar Shari'a 6:20-25). Hani da ba shi da dalili ya kan ƙara wa abin da aka hana zaƙi.

VI. Aibi na uku: so ya zama doka

Da kakar ta ke bayyana wa Marnie yadda sihiri ke aiki, ta nuna mata cewa asirinsa duka shi ne mutum ya so abu, sa'an nan ya ba kansa. Da wannan koyarwa yaran suka shiga gari neman kayan tsimi guda uku: gashin mai rikiɗa kerkeci, da gumin fatalwa, da haƙorin mai shan jini. Da dabara da yaudara suka same su, har suka aske wa mai gashin kai ba da yardarsa ba, aka mai da abin na dariya. Ya kai mai karatu, wannan koyarwa tsohuwa ce ƙwarai. A gonar Adnin aka fara jinta, inda mace ta ga 'ya'yan itace, ta yi sha'awa, ta miƙa hannu. Ubangijinmu Yesu a gonar Jatsaimani ya bi wata hanya dabam, gama ya ajiye nufinsa ƙarƙashin nufin Uba. Siman na Samariya ya so iko, ya kawo kuɗi zai saya, Bitrus ya tsauta masa da zafi (Ayyukan Manzanni 8). Masu sihiri na Afisa da suka ba da gaskiya, sun ƙone littattafansu a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Ba su raba sihiri gida biyu, fari da baƙi, su riƙe farin ba, kamar yadda wasan nan ya yi.

VII. Aibi na huɗu: zancen gado

Wasan ya ce ikon yana cikin jini, daga kaka zuwa uwa zuwa jika. Ga yaron Amurka wannan tatsuniya ce kawai. Amma a ƙasashenmu, inda har yanzu wasu ke cewa maita a nono a ke shanta, wannan magana tana da haƙora. Saboda ita an ƙi auren 'yan mata marasa laifi, an kori tsofaffi daga gidajensu, an kuma doki yara. Kada ka bar majigi ya ƙarfafa wannan ƙarya a zuciyar ɗanka, kada kuma ka fito daga karatun nan kana duban maƙwabciyarka da ido na zargi. Annabi Ezekiyel ya bayyana a sura ta 18 cewa kowane rai da nasa alhaki zai tsaya a gaban Allah. Mai bin Kristi ba ya yin sihiri, ba ya jin tsoronsa, ba ya kuma jefa wa wani sunan maye.

VIII. Me za ka yi?

Ba mu ce duk wanda ya kalli wasan nan ya faɗi daga bangaskiya ba, ba mu kuma ɗora maka dokar da Littafi Mai Tsarki bai ɗora ba. Ga shawararmu. Da fari, ka riga yaranka kallon abin da za su kalla. Na biyu, idan ka ga ya kamata ka hana, ka zaunar da su ka faɗa musu dalili da harshen da za su gane, kada ka zama kamar Gwen. Na uku, idan sun riga sun gani, ka tambaye su: Da Marnie ƙanwarku ce, kun so ta hau motar nan? Wa ya biya mai gashin da aka aske? Ka bar su su amsa da kansu. Na huɗu, kai da matarka da kakanni ku daidaita bakinku tun yara ba su ji ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sa'an nan ka binciki kanka. Akwai abin da ka ke hana 'ya'yanka da baki, kana yinsa a ɓoye? Akwai laya a ƙarƙashin matashinka, kai da ke hana su kallon masu tsafi? Ka fitar da ita yau, gama idon yaro ya fi kunnensa saurin koyo.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, ka ba mu hikima mu tsare ƙofofin gidajenmu. Ka sa mu faɗa wa 'ya'yanmu gaskiya cikin ƙauna, ka ba su zuciya mai biyayya, ka kuɓutar da mu duka daga tsoron duhu da sha'awarsa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.