Waliyyi Yohanna Bosko da Yaran Ƙofar Masana'anta



Kowace ranar 31 ga Janairu Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Yohanna Bosko, firist ɗan ƙasar Italiya. An haife shi a 1815, yana ɗan shekara 2 mahaifinsa ya rasu, ya ɗanɗani maraici tun kafin ya san karatu. Aka naɗa shi firist a 1841, ya kama aiki a birnin Turin, inda yaran ƙauye suke ta kwararowa neman aikin ƙarfi, waɗansu su kwana a titi, waɗansu su ƙare a kurkuku.

Ranar 8 ga Disamba na wannan shekara, ya ga mai kula da coci yana korar wani maraya da duka, don bai iya hidimar Misa ba. Fada Bosko ya sa aka komo da shi, ya tambayi sunansa, ya soma koya masa addu'a. Daga wannan yaro guda aikin ya tsiro, bai kuwa ajiye shi ba har ranar da Allah ya karɓi ransa a 1888.

Bai tsaya ga ba su abinci da makwanci kaɗai ba. Yakan bi su har wurin aiki, ya sa iyayen gidansu su sa hannu a takardar yarjejeniya: a koya wa yaro sana'ar sosai, a biya shi, kada a doke shi, a bar shi ya huta ran Lahadi. A 1853 ya buɗe musu wurin koyon ɗinki da gyaran takalmi.

'Yan'uwa, ba sai mun je Italiya za mu ga yaran nan ba. Suna ƙofar masana'antun Bompai da tiren talla a ka. Suna tsintar roba da ƙarafa a bolar Sharaɗa. Suna taka ruwan jima a Chalawa ba takalmi. Waɗansu ma a gidajenmu da shagunanmu suke, muna kiransu “yaro” kurum. Mun san sunansu? Mun cika alkawarin da muka yi wa iyayensu, ko kuwa sun zama 'yan aike kawai?

Ubangijinmu Yesu ya tsawata wa almajiransa sa'ad da suka hana yara zuwa wurinsa, ya kuma koya mana cewa karɓar yaro cikin sunansa karɓarsa ne shi kansa. Bai ce sai ɗan addininmu ko ɗan ƙabilarmu ba. Ɗa na kowa ne.

Saboda haka, a wannan mako kowane gida ya dubi yaro ɗaya: mu san sunansa, mu biya shi hakkinsa, mu sa shi makaranta ko sana'a.

Waliyyi Yohanna Bosko, ka yi addu'a dominmu. Amin.