MURYA TA SAURA, KALMA TA ƁACE



Duk watan Yuni, birnin Shikago na Amurka yana shirya bikin kiɗan da suke kira bulus. A fili ake yinsa, ba kuɗin shiga, tun 1984. Hukuncin kayan kiɗa mun sha bayani, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu a kan hani suke. Yau asalin waƙar nake so mu duba, don akwai wa'azi a ciki.

Bulus ya samo asali ne daga jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, aka sa su noman auduga a kudancin Amurka. Cikin bayin nan akwai Musulmi masu yawa, har da malamai. Umar bin Sa'id, mutumin Futa Toro, shekara 25 ya yi yana karatu kafin a kai shi can a 1807. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk, kuma yana bawa ya rasu.

Masaniyar tarihi Sylviane Diouf ta nuna cewa jan muryar da baƙaƙen ma'aikata ke yi a gonakin can, wanda ya shiga bulus, yana kama da kiran salla. In haka ne, ku duba abin tsoro: salon muryar ya kai ga jikoki, kalmar shahada ba ta kai ba. Ba makaranta, ba masallaci, ana sayar da ɗa a raba shi da uwarsa. Su suna da uzuri wajen Allah.

To mu fa? Wa ya ƙwace mana allo? Yaro ya sauke, an yi walima, an yi anko, ka tambaye shi ma'anar Fatiha sai ya sunkuyar da kai. Mu manya muna tura ƙira'ar mai zaƙin murya a WhatsApp, muna ta kabbara, abin da ayar ta hana kuma shi muke yi da safe. Wallahi ita ma hanyar ɓacewa ce, sai dai a hankali take tafiya.

Yau bayan Magariba ka zaunar da iyalinka, ku ɗauki Fatiha aya-aya. Tarjamar Sheikh Abubakar Gumi tana nan da Hausa. In kai ma ba ka sani ba, ba abin kunya ba ne, ku koya tare.

Allah Ya jiƙan waɗancan bayin nasa, Ya tabbatar da zuriyarmu a kan imani. Wallahu a'alam.