Garaje Ba Ƙarfi Ba Ne: Samartaka da Farkon Shaye-shaye

Hausawa na cewa garaje ba ƙarfi ba ne. Garaje shi ne mutum ya afka wa abu gaba-gaɗi, bai tsaya ya auna abin da zai biyo baya ba. A fagen kokawa maganar ta fi fitowa fili. Ɗan kokawar da ya rugo yana huci, 'yan kallo sukan ɗauka shi ne gwarzon ranar, amma gogagge sai ya ɗan kauce ya sa masa ƙafa, saurinsa da nauyinsa su kai shi ƙasa. Karin maganar tana gyara kuskuren ido ne, domin daga nesa garaje yana kama da jarumta, har mai garajen kansa yakan ruɗu.

Wannan ruɗu ya fi tsada a shekarun samartaka, wajen fara shaye-shaye. Ba yaron da ke kwana yana shirin zama ɗan ƙwaya. Abin yakan faru cikin daƙiƙu kaɗan. Ana zaune a majalisa bayan isha'i, ko a wani lungu ranar biki, sai wani ya miƙo robar lemo da aka tsiyaya wa maganin tari, ko guntun wiwi, ya ce, "Ɗana ka ji." Wanda ya tsaya jinkiri a kira shi ɗan Hajiya, a yi masa dariya. Wanda ya fizge ya kurɓa nan take shi ake tafa wa. A wurin 'yan mata ba a cika yin hayaniya ba, a ɗaki ake yi tsakanin ƙawaye, amma matsin iri ɗaya ne.

Masana sun gano cewa sassan ƙwaƙwalwa ba sa nuna lokaci guda. Sashen da ke sa mutum marmarin daɗi da sabon abu yakan yi ƙarfi tun farkon balaga. Sashen gaba kuwa, wanda ke bayan goshi, mai aikin auna sakamako da hana kai, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Tsakanin nan akwai shekaru kusan goma da sha'awa ke gaban tunani. Ba sani ne ya yi wa matashi ƙaranci ba. In aka zaunar da shi shi kaɗai, zai lissafa illolin ƙwaya tsaf, wani lokaci fiye da mahaifinsa. Sai an miƙo masa robar, idon abokai na kansa, sanin ya kasa tsayawa.

An gwada wannan a Amurka. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda direba zai zaɓi ya tsaya idan fitila ta nuna alamar tsayawa, ko ya yi kasada ya ƙara gaba. Matasa sun ƙara yawan kasada ƙwarai idan sa'o'insu na kallo, manya kuwa ba su canza sosai ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai dai ba duk matasa ke da garaje daidai da juna ba, kuma bambancin yakan bayyana tun ana ƙanana. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara sama da dubu da aka haifa a 1972 da 1973. An auna yadda kowannensu ke iya riƙe kansa daga shekara 3 zuwa 11, wato jiran layi, danne fushi, ƙarasa aikin da aka fara. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka fi rauni wajen riƙe kai sun fi faɗawa jarabar kayan maye da suka kai shekara 32, ko da an cire tasirin basira da arzikin iyaye. Binciken ya kuma nuna cewa yaran da halinsu ya gyaru yayin da suke girma sun fi dacewa daga baya. Ashe garaje hali ne da ke tanƙwaruwa.

Alaƙar ba ta tafiya ta hanya ɗaya. Garaje ke kai yaro ga ƙwaya, ƙwaya kuma ta ƙara masa garaje, domin kayan maye suna raunana sashen nan na hana kai tun bai gama ginuwa ba. Shi ya sa wanda ya fara da wuri ya fi wanda ya fara da girma haɗarin kasa dainawa. 'Yan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya lokacin kamfe sun san wannan sarai, garajen suke saye.

Tiramol ya fi kowace ƙwaya dacewa da karin maganar, don da sunan ƙarfi ake shan sa. Ɗan dako, ɗan acaɓa, yaron da ke kwaɓa siminti, kowa zai ce yana sha ne don ya yi aiki bai gaji ba. Maganin ciwo ne, yana rufe gajiya ba ya cire ta. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda hukumar NDLEA ke kamawa sau da yawa mai 225 ne ko fiye, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka taɓa kayan maye cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suka sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan mace ce.

Ba kowane mai sha ne garaje ya kai shi ba. Akwai wanda baƙin ciki ya kai, akwai zaman banza, akwai auren da ba a so. Amma ko a nan garaje yakan shigo ta bayan gida, domin wasu ba sa afka wa abu sai ransu ya ɓaci.

Karin maganar ba ta tsaya kan yara kaɗai ba, manya ma suna nasu garajen su kira shi tarbiyya. Uba ya tsinci ƙwaya a aljihun ɗansa, kafin gari ya waye an yi duka, an kore shi, ko an kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana hannu motsi, ba ta koya masa jira. Haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a watan Mayu na 2018, kwana guda bayan wani rahoton BBC, ya zama dole, amma kwalba ɗaya ya taɓa.

Ƙasar Aislan ta bi doguwar hanya. Ta sa dokar hana yara yawon dare, ta zuba kuɗi a wasanni da ayyukan bayan makaranta, ta sa iyaye suka riƙa sanin inda 'ya'yansu suke da waɗanda suke tare da su. Ba wa'azi aka ƙara ba, lokutan da yaro zai tsinci kansa gaban roba ba babba a kusa aka rage. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauka zuwa kashi 5, bayan shekara 18 ana aikin.