Saiwa, Kambu da Jan Zakara: Kirista a Gaban Gadon Kakanninsa

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai akwai barin gidan da ba da ƙafa ake yin sa ba. Mutum na iya zama cikin dangar da aka haife shi, yana noman gonar ubansa, amma zuciyarsa ta yi ƙaura daga abin da iyayensa suka dogara da shi. Halin da ɗan Anna na kwarin Maraɗi, ko ɗan Azna na Adar da Arewa, yake shiga ke nan idan ya karɓi addinin Almasihu. Ran da jaririnsa ya kwana da zazzaɓi, kakar yaron za ta shigo da ƙullin saiwa a hannu guda, ɗan kambu a ɗayan, ta kuma ce a yanka jan zakara a gindin tsamiya. In ya mayar da duka, ya wulaƙanta uwar da ta haife shi. In ya karɓi duka, ina bangaskiyar da ya shaida a gaban ikilisiya?

Tambayar ba ta Kirista kaɗai ba ce, domin malaman Musulunci sun daɗe suna fama da irinta. Amma yadda Kirista ke warware ta abin dubawa ne ga duk mai son sanin abin da ke zama gado da abin da ke zama kaya.

Abin da aka tarar

Anna ba su taɓa musun Mahalicci ba. Sun san Allah, sai dai sun ɗauke shi mai nisa, wanda ya bar al'amuran yau da gobe a hannun iskoki. Da iskoki ake shawarar ruwan damana, da haihuwa, da cuta, da farauta. Kowane gida na da nasa na gado, kowace iska da irin dabbar da take so da launinta. Akwai Doguwa, akwai Kure, akwai Uwar Gona. A fada kuma bori na da mazauninsa, ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Gobir. A Masalata, kusa da Ƙonni, ana buga arwa don duba abin da shekara za ta zo da shi. A Lugu akwai Sarauniya da dutsen Tunguma mai yanke shari'a. Wannan duniya ta shiga harshe har ta yi kaka-gida: ma'aikacin lafiya, Musulmi ne ko Kirista, idan yana kiran iyaye zuwa rigakafi, shan inna yake cewa, alhali asalin sunan na nufin iska ce ta shanye ƙafar yaro.

Cikin wannan duniya ƴan mishan suka sauka. Ƙungiyar SIM ta zauna Damagaram a 1924, Tsibiri a 1927, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun kafu a Yamai a 1931. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma sunan da ya kira Mahalicci da shi shi ne wanda Anna da Musulmi suka riga suka sani, wato Allah. Amma game da sauran gadon, yawancin masu bishara na farko kalma guda suka yi masa: tsafi, aikin Shaiɗan. Ganga da goge, saiwa da laya, duk suka shiga buhu ɗaya.

Muryoyi biyu

Da ƴan Afirka suka karɓi ragamar ilimin tauhidin Kirista, sai magana ta rabu biyu. Byang Kato, mutumin Kwoi a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, wanda ya rasu a 1975, ya tashi cikin addinin gargajiya kafin ya tuba. Ya yarda kakanni sun hangi Mahalicci ta wurin halittarsa, amma ya ce babu ceto cikin bautarsu, ya kuma yi kashedi game da gauraya addini. Kwame Bediako na Gana, wanda ya rasu a 2008, ya dubi abin ta wata fuska. A ganinsa, kamar yadda Kiristocin ƙarni na biyu suka sami abin ɗauka cikin hikimar Girkawa, haka ɗan Afirka ba ya zo wa Almasihu da hannu wofi, domin Allah bai bar kakanninsa ba shaida ba. Ikilisiyar Katolika, tun daga takardar Nostra Aetate ta 1965 har zuwa Ecclesia in Africa da Fafaroma Yohana Bulus na Biyu ya sa wa hannu a Yawunde a 1995, ta karkata ga girmama abin kirkin da ke cikin al'adu, ba tare da amincewa da duba ko sihiri ba.

Kowace murya na da gaskiyarta. Kato ya san tsoron da ke cikin gidan tsafi, domin daga ciki ya fito. Bediako ya san raunin mutumin da aka koya wa ƙyamar kakansa. Abin da ya rage wa uban jaririn nan shi ne ya kwance buhun, ya ware kayan da ke ciki.

Kashi uku

Kashi na farko sani ne. Ɓawon maɗaci, ganyen sabara, hannun maɗori, gogewar ungozoma, duk ilimi ne da aka tara da gwaji. Littafi Mai Tsarki bai hana shi ba: annabi Ishaya da kansa ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a gidajen likita daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo shi, kuma Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a kansa a 2015. Ma'aunin wannan kashi shi ne amfani da cutarwa. Cire belu da yankan gishiri abin ƙi ne saboda jinin da suke zubarwa da rayukan da suke ci, ko da ba a ambaci sunan wata iska ba.

Kashi na biyu zumunta ne: gayya, bikin suna, wasan taubasai, gaisuwar mutuwa, girmama tsofaffi. Manzo Bulus ya tarar da irin wannan a Koranti, inda naman kasuwa yakan fito daga gidajen gumaka. Ya ba mutanensa izinin saye da ci ba tare da bin diddigi ba, da amsa gayyatar maƙwabci, amma ya hana su zama a teburin hadayar kanta, ya kuma ce su kula da lamirin ɗan'uwa mai rauni. Ke nan Kirista na iya zuwa gayyar kawunsa, ya ci tuwo, ya yi noma har faɗuwar rana, amma ba zai riƙe ƙafar akuyar da ake yanka wa Uwar Gona ba.

Kashi na uku ciniki ne da iskoki: yanka, girka, duba, sammu. Nan ne Kirista ke tsayawa, kuma Attaura ta riga ta hana duba da sihiri da neman shawarar matattu. Kiristoci sun sha bamban game da ko iskokin nan aljanu ne na gaske ko tsoro ne kawai ya yi musu jiki. Amma dalilin ƙin bai rataya ga wannan gardama ba. Tsafi ba-ni-in-ba-ka ne: jini domin ruwa, zakara domin lafiya, kuma bashin ba ya ƙarewa, ɗa ya gada daga uba. Bangaskiyar Kirista kuwa ta ginu a kan cewa hadaya ɗaya ta wadatar, an riga an miƙa ta a kan gicciye, alherin Allah kuma kyauta ne. Mai addu'a yana roƙo, ya bar hukunci ga wanda ya roƙa. Mai sihiri yana neman dabarar da za ta tilasta. Wanda ya koma ciniki bayan an ba shi kyauta, ya nuna bai amince da mai kyautar ba.

Inda rabon ke wuya

Mai hankali zai ce kayan ba su rabuwa da sauƙi haka. Boka ba ya haƙar saiwa sai da surkulle, yana kuma cewa iska ce ta nuna masa ita. Amsar da ta fi kusa da hankali ita ce, wanda ya halicci itacen ya riga mai surkullen, saboda haka ana iya ɗaukar saiwar a bar maganar. Amma akwai wata ƙorafin da ta fi wannan nauyi. Tsoron iskoki ya tsare abubuwa: kurmin da ba a sara, tsamiyar da ba a taɓa, dajin da ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji. Wanda ya cire tsoron bai sa komi a gurbinsa ba, ya bar gatari ba mai tsawata masa. Wajibi ne Kirista ya kawo dalilin da ya fi tsoro ƙarfi, kuma yana da shi cikin littafin Farawa, inda aka sa mutum a gona domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Aikin Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, wanda tun 1983 ya ƙarfafa manoman Maraɗi su rena tohon kututture maimakon ƙone shi, abin da ake kira sassaben zamani, misali ne na amanar da ta maye gurbin tsoro.

Tsafi cikin rigar coci

Haɗari mafi girma ba a gindin tsamiya yake ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Siman mai sihiri na Samariya, wanda ya yi baftisma, sannan ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus kuwa ya tsawata masa ƙwarai. Zuriyar Siman ba ta ƙare ba. Inda ake sayar da man shafawa da ruwan albarka, inda ake sa Littafi ƙarƙashin matashi kamar laya, inda ake cewa ba da jika goma ka karɓi ɗari, boka ne ya sake riga. Wanda ya ƙone kambunsa ya sayi kwalbar mai bai tuba ba, kasuwa ya sauya.

Mafi muni shi ne zargin maita. A gargajiya, idan yaro ya rame, sai a nemi wanda ya kama kurwarsa, a tilasta masa ya tsallake shi. Wasu masu wa'azi, maimakon su kashe wannan wuta, sai suka zuba mata mai. A jahar Akwa Ibom ta Najeriya an azabtar da yara da sunan fitar da maita, har aka kafa dokar hana zargin a 2008. A arewacin Gana tsofaffin mata na gudun hijira zuwa Gambaga, ko da yake a can ikilisiyar Firesbiteriya ta daɗe tana aikin mayar da su gidajensu. Yesu kuwa, da almajiransa suka tambaye shi laifin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, ya ƙi ɗora wa kowa, ya warkar da mutumin. Kiristan da ke farautar maye ya koma ga tsohuwar tambaya wadda Ubangijinsa ya ƙi amsawa.

Komawa ga jariri

To, me uban nan zai yi? Zai karɓi saiwar ya tambayi sunanta, amma zai ɗauki yaron zuwa gidan likita tun da safe, domin zazzaɓin jariri ba ya jira. Zai mayar da kambun da hannu biyu, a durƙushe, ba da tsaki ba, domin ƙauna ce ta ɗinka shi ko da bai yarda da abin da ke ciki ba. Zakaran kuma zai bar shi ya yi ta cara, har ran da yaro ya miƙe, a yanka shi don godiya, a kai wa kaka cinya.

In kuma yaron bai miƙe ba fa? Gari zai ce Doguwa ce ta karɓi abinta, uwarsa ma za ta dube shi da idon da ya fi magana zafi. Ba shi da hujjar da zai rufe bakin kowa da ita. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya rage wa Ayuba: ya yi kuka, ya ƙi zargin maƙwabciya, ya ƙi komawa ciniki, ya ci gaba da kai wa tsohuwa hatsinta. A irin wannan rana ce ake sanin ko mutum ya dogara ga Allah ne, ko kuwa dama wani sabon magani yake gwadawa.