Hanci Tsakanin Girman Kai da Sujada

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki ya jera a fuskar ɗan Adam, babu wadda Bahaushe ya ɗora wa alhakin girman kai kamar hanci, domin idan mutum ya sami dukiya, ko sarauta, ko ɗan ilmin da ya ɗara na tsararsa, har ya soma amsa sallama da ƙyar yana duban jama'a sheƙeƙe, cewa ake yi wane yana hura hanci. Larabawa ma a nan suka ajiye izza, shi ya sa in za su roƙa wa mutum ƙasƙanci sai su ce a turmuza hancinsa a turɓaya, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim a kan wanda ya riski iyayensa cikin tsufa, amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba. A Suratul Ƙalam kuma, aya ta 16, an yi wa wani mai taƙama da dukiya da 'ya'ya narkon tambari a hanci, wanda da yawa daga malaman tafsiri suka ce Walidu ɗan Mugira ne.

Mai saurin hukunci zai zaci shari'a ta raina wannan gaɓa, alhali kuwa ba haka ba ne. A wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmi, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an yanka wa hancin da aka datse ɗungurungum diyyar raƙuma 100, daidai da diyyar rai, alhali ido guda 50 ne, haƙori kuwa 5. Gaɓar nan da aka yi wa wannan kima a tsakanin mutane, ita ce aka umarci mai ita ya kai ta ƙasa gaban Ubangijinsa, har malamanmu na Malikiyya suka ce wanda ya yi sujada da goshi kaɗai ya bar hanci, an so ya sake sallarsa muddin lokaci bai fita ba. Duk wanda ya taɓa duban sahu a filin idi bayan an sallame ya ga sarki da rawaninsa da ɗan dako da tsummansa kowa da ɗigon rairayi a tsinin hanci, kuma babu wanda mutuncinsa ya ragu da ƙwayar zarra.

Abin da na fahimta, kuma nake riƙe da shi da gaske, shi ne tawali'u da mutunci ba kishiyoyi ba ne, tun da shari'ar da ta hana bawa hura hanci ita ce ta hana kowa taɓa masa shi. Wulaƙanci na haƙiƙa yana ga wanda ya miƙa hancinsa ga abokin halitta, kamar bijimin da aka huda aka zura wa igiya, yaro ƙarami na jan sa duk inda ya ga dama. Ku dubi alƙali ko ma'aikacin da ya saba da cin hanci: a gaban talaka mai neman haƙƙinsa ba ya ko ɗaga kai daga takarda, amma ranar da wanda ya toshe masa baki ya shigo, shi ne zai miƙe tsaye ya ba shi kujera, ya kuma yanke hukuncin da zuciyarsa ta san zalunci ne.